Garejin da ya canza min sitod din taya a bangaren Kofar Ruwa

Duk mai Toyota ko Honda ko Nissan a Kano da kusar tayarsa ta karye, ina nufin sitod dinnan da ake daura noti akai, akwai wani gareji a bangaren Kofar Ruwa da zan iya cewa mutum ya kai motarsa hankali kwance, duk da akwai abubuwan da basu min dadi ba a wajen kuma zan fadesu suma. Babu allo babu komai, rumfar kwano ce da rami daya da benci, ogan wajen dattijo ne kuma aikin kafar mota kadai yakeyi, boris (wanda yake sa taya ta juya sumul), hob (karfen da ake daura taya a jikinsa), bol joyin, tayarod, birki, shokzoba. Baya taba inji baya taba wayarin, in ka kawo masa ma zai nuna maka wani. Ban sa sunansa ko lambarsa ba saboda ban nemi izininsa ba, amma abinda yafi sunan amfani shine yanda yake aikin, domin duk inda ka kai motarka ko a Panteka ta Kaduna ne zaka iya cewa haka nakeso a min.

Motata Corolla ce 2006 irin ta Amurka mai noti biyar. Na sa sababbin tayoyi a gaba wajen wani mai faci, ya daure notin da wil sifana sannan ya zura wani dogon faif a jikin sifanar ya hau kai da kafa yana tsalle har karfen yana kuka, wai don kar ta kwance a hanya. Haka kusan kowa yakeyi a titi, mutane ma har godiya sukeyi don suna ganin an daure musu da kyau. Bayan wani lokaci ina kan hanyar Katsina wajen Dawanau sai naji sitiyari yana dan rawa, ga wata kara kat kat kat daga gaban dama da take karuwa in na taka birki, na gangara gefe na duba, noti biyu babu su gaba daya, kuma ba kwancewa sukayi ba, sitod din ne suka guntule suka tafi da notin. Uku suka rage suke rike da tayar, a ukun ma daya na iya juyashi da hannu. Iyalina suna cikin motar. Wallahi har yanzu in na tuna sai gabana ya fadi, domin tayar gaba in ta fita a guje a wannan hanyar da tireloli suke bi, sai dai Allah ya kiyaye kawai.

Kafin in kai ga wannan garejin mutum biyu sun bani shawara a bakin titi. Na farko yace ai ba komai, uku ma suna rikewa, masu haya da yawa da uku suke yawo shekara da shekaru. Na biyu bakanike ne, yace a kira mai walda ya dora bol akan guntun da ya rage a like, minti kadan an gama. Na dai daure ukun da suka rage na lallaba a hankali da fitilar hazad na shigo gari, wani abokina direba ne ya min kwatancen dattijon.

Abu na farko da ya burgeni, bai ce min komai akan kudi ba sai da ya duba. Ya sa jak ya daga motar, sannan ya sa karfen tokare a kasa, bai bar mota akan jak kadai ba balle akan bulo ko dutse yanda muka saba gani. Ya cire tayar ya kirani yace Alhaji zo ka gani da idonka. Ya nuna min bakin guntun sitod din, rabin wajen da ya karye yayi baki da tsatsa, daya rabin kuma fari tas yana kyalli. Yace wannan bakin tsohon tsagewa ne, ya dade da farawa ruwa yana shiga, farin kuma shine wanda ya karasa ballewa a ranar. Wato ba a Dawanau sitod din ya fara mutuwa ba, tun ranar da aka hau faif ya mike ya tsage, sauran kuma ramukan hanya da birki suka karasa shi a hankali, kamar wayar da kake lankwasawa gaba da baya har ta tsinke a hannunka. Ya dauko daya daga cikin ukun da basu karye ba ya sa kusa da sabo, sai ga tsohon ya dan kara tsawo kuma tsakiyarsa ta sirance, hakoran zaren sun bubbude. Ni da ba bakanike ba ma na gani sarai.

Da na fada masa maganar walda sai ransa ya baci sosai, yace wannan aikin kisa ne ba gyara ba. Bayaninsa kuma ya shigeni, sitod karfe ne da aka gasa aka taurara shi musamman, yawanci mai lambar karfi 10.9, in wutar walda ta taba shi wannan taurin ya tafi, ya koma karfe mai saurin karyewa a daidai inda aka like, ga zafin kuma yana bin hob ya shiga boris ya narka giris ya kona robar da take rufe shi, sai ka gyara abu daya ka bata biyu. Maganar yawo da uku kuma yace mutane basu gane aikin sitod bane. Ba wai nauyin mota yana rataye a jikinsu bane kai tsaye, aikinsu su matse rim da hob su zama abu guda, wannan matsewar ce take rike taya. In daya ya tafi matsewar ta ragu ta wannan gefen, rim ya fara dan motsi, na kusa dashi su dauki wahalar da ba tasu ba, shi yasa da wuya kaga sitod daya ya karye ya tsaya a daya, makwabcinsa ne yake binsa. Nawa ma biyun da suka tafi suna jere da juna ne.

Yace biyar din duka zai canza a wannan kafar, ba biyu ba. A lokacin na dan yi jim, domin kowa yasan halin da ake ciki da kudi kuma mun saba da bakanike ya kara maka aiki don ya kara kudin hannu, amma tunda na ga mikakken da idona ban yi musu ba. Ya kuma duba daya kafar ta gaba tunda mai facin daya ne ya daure su, ya samu biyu sun mike a can, na baya kuma yace lafiyarsu lau kar a taba. Wannan ya kara min yarda dashi, da yana neman kudi ne da cewa zaiyi a canza ashirin din gaba daya kuma da na biya.

Yanzu ga aikin kansa, wanda shine dalilin da yasa na zauna rubuta wannan. Sitod a irin wadannan motocin ba a jikin hob aka kera shi ba kuma ba murda shi akeyi ba, ta baya ake turo shi, yana da kai mai fadi da wasu kananan hakora a wuyansa da suke kama ramin hob din su hana shi juyawa. Don haka sai an cire kalifa ta birki, wato abin da yake matse diski in ka taka birki, da karfen da yake rike ta, a zare diski, sannan a ga bayan hob. Yaronsa ya cire kalifar, kuma na lura bai barta tana lilo a jikin tiyon birki ba, ya daure ta da waya a jikin sifirin. Karamin abu ne amma tiyon birki in ya ja nauyin kalifa yana iya tsagewa ta ciki baka sani ba sai ranar da kake bukatar birki.

Wajen fitar da guntayen yaron ya dauko babbar guduma, ogan ya daka masa tsawa yace ajiye. Ya dauko wani karfe mai matsi irin wanda ake cire bol joyin dashi, ya sa a kan guntun yana murdawa a hankali har ya fita ta baya da kara tas. Yace duk dukan da ka yiwa hob boris ne yake shan shi, yau ba zaka ji komai ba, bayan wata biyu mota ta fara gurnani a hanya kace boris din jabu ne alhali guduma ce ta kashe shi. A gaskiya guda daya ya ki fita da matsin sai da ya dan buga shi, amma da karamar guduma kuma ya tokare bayan hob din da wani karfe. Ban ga laifinsa ba a nan.

Sa sabon ma akwai dabara. Ya juya hob din zuwa inda akwai fili a baya, ya zura sitod din, ya goge ramin da burushin waya tukuna, sannan ya jera wosha masu kauri ta gaba ya daura wani tsohon noti mai budadden kai yana daurewa da hannu, notin yana jawo sitod din ciki har kansa ya zauna daram a bayan hob babu ko dan fili. Kowanne sai ya leka da tocila ya tabbatar. Yace in ka bar fili ko kadan, zaka daure taya kaga ta dauru, ka hau hanya sitod ya karasa zama da kansa, noti ya saki. Tsohon notin da ya ja dasu kuma bai mayar min dashi a mota ba, yace wannan na aiki ne ya riga ya gaji. A Corolla dai aikin bai bukaci cire hob ba, amma ya gaya min akwai motocin da babu filin zura sabo ta baya, wasu Honda Accord a gaba haka suke, sai an fitar da hob, kuma in an fitar dashi sau da yawa boris baya tsira, to mai irin wannan motar ya shirya kudinsa zai fi nawa.

Maganar kaya kuma. Baya ajiye sitod na sayarwa a wajen, sai dai ya aiki yaro cikin kasuwa da tsohon a hannu a matsayin samfur. Yaron ya dawo da wasu masu kyalli sosai masu araha, ogan ya juya su a hannu ya gwada wuyan a ramin hob yace a mayar, hakoran wuyan basu kai kaurin na asali ba, don haka zasu rika juyawa a cikin ramin, kuma ranar da sitod ya fara juyawa tare da noti to ka shiga uku, taya ba zata ciru ba sai an yanka. Aka koma aka kawo wasu. Ya bani zabi tsakanin sabo mai kyau da na Beljiyom da aka ciro daga hob din da aka shigo dashi, yace shi sabon yafi so domin na Beljiyom baka san wanda ya hau kansa da faif a baya ba. Na dauki sabo. Noti ma sai da ya tsaya akai, kuma nan na koyi abinda ban taba ji ba duk shekarun da nayi ina tuki. Zaren Toyota da Honda 12 ne da 1.5, wato kaurin sitod da tazarar hakoran zare a milimita, na Nissan kuma 12 da 1.25, a ido iri daya suke, notin Nissan zai hau sitod din Toyota yayi zagaye daya ko biyu sannan ya cije, mai faci kuma da yaji ya cije sai ya kara karfi, shikenan zare ya sude. Bayan zare akwai mazaunin notin, rim din karfe yana son noti mai tsinin baki, rim din alminiyon na Toyota na asali kuma yana son mai fadin baki da wosha a jiki, na Honda nasu zagayayye ne. In ka hada wanda ba nasa ba, notin zai taba rim ta dan siririn waje ne kawai kuma zai rika kwancewa komai daurin da ka masa. A motata ya samu noti daya da ba irin sauran ba, Allah kadai yasan a wane wajen faci aka musanya min shi.

Sai daurin karshe, wanda don shi kadai ma zan koma wajen. Ya goge fuskar hob da bayan rim daga tsatsa da kasa, bai shafa giris ko bakin mai a zaren ba, yace mai yana sa noti ya wuce inda ya kamata ya tsaya ba tare da ka ji ba. Ya fara daura kowanne da yatsu sai da yayi zagaye da yawa lafiya, sannan ya daure su a tsallake, wannan sai na gabansa can, ba bi da bi ba, don rim ya zauna daidai. Ya sauke motar, ya shiga ciki ya dauko wata doguwar sifana a cikin akwatinta, irin mai awo dinnan da take yin kas in ta kai adadin da aka saita. Ya saita ta a 103, wanda shine awon da Toyota ta bayar na wannan Corolla din a ma'aunin karfin dauri da ake kira Nm, Honda Accord kuma 108 ne. Kas, kas, kas, biyar, an gama. Nace Baba wannan ya isa kuwa, naga ko karfi baka sa ba? Yace Alhaji wanda ya kera motar ne ya fadi adadin ba ni ba.

Da na koma gida na zauna nayi lissafin da kaina don abin ya tsaya min a rai. Mutum mai kilo 70 in ya tsaya a karshen faif mai tsawon mita daya, karfin da yake sawa a noti ya kusa 690, wato ya ninka abinda ake bukata fiye da sau shida, tun kafin ya fara tsalle kenan. Ita kuwa karamar wil sifanar da take zuwa da mota mai tsawon kamar santimita 30, nauyin kilo 35 a karshenta ya isa ya kai ka 103, abinda babban mutum zai iya da hannunsa. Ashe ba rowar karfe ce tasa kamfani yayi ta gajera ba. Kuma wannan daurin na faif shine yake sa mace ko dattijo ko ma kato taya ta fashe masa a daji da dare ya kasa kwance noti, ga safaya ga jak amma babu yanda zaiyi. Masu injin daure noti mai aiki da iska ma da suke wasu manyan shagunan taya ba su tsira ba, in yaro ya dora injin ya barshi yana ta bugawa barnar daya ce, har ma yafi saurin cinye zare in notin ya hau a karkace.

To abubuwan da basu min ba. Jira yayi yawa gaskiya, na shiga da safe ban fito ba sai bayan la'asar, mafi yawan lokacin kuma ba aiki akeyi ba, jiran yaro akeyi ya dawo daga kasuwa, ya tafi ya dawo ya sake komawa. Mutumin da aikinsa kenan kullum ya kamata ace yana da kwalin sitod da noti na Toyota da Honda da Nissan a ajiye, kudinsu ba wani yawa ne dashi ba, na fada masa haka kuma yace jari ne babu. Wajen zama benci daya ne a rana rabinsa, in da iyali kazo gara ka sa su a adaidaita su tafi gida. Babu rasit, kudin kaya da baki yaro yake fada, ni dai na bi yaron a zuwa na biyu na biya da hannuna kuma abinda zan ba kowa shawara kenan, ba don na kama shi da wani abu ba, don dai hankalinka ya kwanta. Abinda yafi damuna shine sifanar awon nan ogan kadai yake taba ta, a kulle take in baya nan, kuma na ga da idona yaran suna daure tayar wata motar da kafa lokacin da ya tafi sallah. Wato ingancin wajen a jikin mutum daya yake. In kaje baka same shi ba ka jira shi ko ka dawo gobe, kar ka yarda ace ai yara zasu iya.

Kudin hannunsa yafi na bakin titi, yafi abinda mai walda zai karba nesa ba kusa ba, amma duka da kaya da aiki bai kai kudin sabuwar taya daya ba, kuma bai kara ko sisi akan abinda muka yi magana da farko ba duk da karin kafar hagu da ya duba. Ya duba ramukan rim dina ma ko sun fadada saboda tafiyar da nayi da sakakken noti, yace daya ya dan ci amma zai yi, da sun zama dogaye da sai na nemi wani rim don sabon sitod baya zama lafiya a ramin da ya lalace.

Masu Golf da Peugeot 406 da Marsandi da BMW, ku naku tsarin daban ne, babu sitod, bol ne yake shiga cikin hob kai tsaye, in ya karye guntun a cikin ramin yake makalewa sai an huda an zaro shi, in zaren ramin ya lalace kuma sai sabon hob. Na tambaye shi yace yana yi, amma hudawar wajen masu injin dirili yake kaiwa, don haka abinda na fada a sama akan aikin hannunsa na masu sitod ne.

Yace in dawo bayan nayi tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ya sake bin notin da sifanar awo, kyauta, domin sabon sitod da rim suna dan kara zama bayan an hau hanya. Na koma, guda daya a dama ya dan motsa kadan kafin yayi kas, sauran basu motsa ba. Rawar sitiyari ta tafi, karar ma babu, boris shiru har yau. In zaka je ka je da sassafe kafin motocin haya su cika wajen, ka tafi da noti daya na motarka a aljihu don samfur, ranar Juma'a kuma daga sha biyu ya rufe sai Asabar.